Haƙar ruwa a ƙasar Jigawa: dutse, jigayi da fadamar Haɗeja

Wanda ya bi titi daga Dutse zuwa Gumel zai ɗauka ƙasar Jigawa iri ɗaya ce: rairayi, gonakin gero, sabara da kargo, sai kuka jefi-jefi. A wurin mai haƙar rijiya kuwa jihar nan ƙasa uku ce, kowacce da injin da ke shigarta, da zurfin da ake tarar da ruwa, da irin asarar da take jawowa idan aka yi mata gaggawa. Akwai ƙasar dutse a kudu, wato Gwaram, Birnin Kudu da Dutse, sai kuma Kazaure da Roni can arewa maso yamma. Akwai jigayin rairayi da suka mamaye tsakiya da arewa, daga Jahun har Gumel, Maigatari da Birniwa. Sannan ga fadamar kogin Haɗeja da ta ratsa jihar daga Ringim zuwa Guri. Ƙasar gaba ɗaya tana gangarawa ne a hankali zuwa arewa maso gabas, daga sama da mita 400 a yankin Dutse zuwa kusan mita 350 a bakin iyakar Yobe. Ruwan sama ma raguwa yake yi idan ana yin arewa: kusan milimita 1,000 a shekara a Gwaram, wajen Maigatari kuwa da ƙyar yake wuce 600.

Ni da abokan aikina na haƙar rijiya mun yi zagayen duba wurare da haƙa ne a ƙarshen rani, tsakanin Maris da Mayu, kuma da gangan muka zaɓi lokacin. A watannin nan ruwan ƙasa yake kaiwa iyakar saukarsa. Rijiyar da aka haƙa a watan Oktoba, ƙasa na jiƙe, tana iya cika ido ranar da aka gama ta, sannan ta ƙafe kafin bazara.

A kowane gari, bayan an gaisa da mai gari an faɗi abin da ya kawo mu, aikin farko shi ne auna tsofaffin rijiyoyi. Kayan aikin ba su da yawa: tef mai mita 50, da ɗan guntun bututun ƙarfe da aka toshe samansa aka ɗaure a bakin tef ɗin, wanda ke yin ƙara idan ya taɓa ruwa. Da asuba ake awon, kafin a fara ja, domin da hantsi guga ya riga ya sauke ruwan, lambar da za a samu ba ta gaskiya ba ce. Abu biyu muke rubutawa: daga baki zuwa fuskar ruwa, da daga baki zuwa gindi. Bayan haka sai a nemi wanda ya haƙa rijiyar, ko ɗansa. Su da gaba suke lissafi, gaba ɗaya kuwa ta kusa mita 2.

"Baba, a gaba nawa kuka tarar da ido?"

"A ta sha biyu muka ga danshi, yaro, amma ruwa bai taso ba sai da muka fasa farar laka."

Irin wannan amsar ta fi min taswira amfani, domin ta faɗi zurfi, ta kuma faɗi cewa akwai lakar da ta danne ruwan. Tulin ƙasar da aka fitar daga tsohuwar rijiya, wanda yawanci yana nan gefe ciyawa ta rufe shi, shi ma shaida ne. Idan aka tona da fartanya aka ga ɓarɓashin dutse mai walƙiya, dutse na kusa. Idan yashi ne da laka zalla, an shiga wata ƙasar. Itatuwa ma muna dubawa, amma ba ma dogara da su kaɗai. Giginya da goruba a jere sukan nuna ruwa ba nisa, giyayya da bagaruwa suna nuna wurin da ruwa ke kwanciya da damina, aduwa a kan fako kuwa ba ta yi wa kowa alkawarin komai ba.

Daga kudu muka fara. A Birnin Kudu da Dutse duwatsun a fili suke, manyan curi-curi a kan juna, da fa mai faɗi da ake shanya hatsi a kai. A cikin irin waɗannan duwatsun ne zane-zanen shanu na mutanen da suke, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, kuma abin takaici ne yadda masu fasa dutse don tsakuwar gini ke ta cin duwatsun yankin. Ɗanyen dutse irin wannan ba ya riƙe ruwa ko kaɗan. Wuri biyu ruwa ke samun mazauni: ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, da tsagogin da ke jikinsa. Idan ana haƙa, jerin yakan zo kamar haka: ƙasar noma mita ɗaya ko biyu, marmara, laka ja ko fara mai santsi, sannan ruɓaɓɓen dutse mai tsakuwa-tsakuwa da ke murmushewa a hannu, daga nan sai ɗanyen dutse. Wannan mai murmushewar shi ake nema. Inda kaurin ruɓewar ya kai mita 20 zuwa 30 akwai sa rai, inda bai wuce mita 8 ba sai dai idan an dace da tsaga. Shi ya sa gida biyu da ke kallon juna, ɗaya ya samu ruwa ɗaya ya tashi a tutar babu.

Saboda haka a ƙasar dutse ba ma kawo injin haƙa sai an yi awo da na'urar lantarki. Turaku huɗu na ƙarfe ake kafawa a layi ɗaya, biyu a tsakiya kusa da juna, biyu a waje. Na wajen ake ta matsarwa baya, ana tura wuta ana karanta lamba, har kowanne ya yi nisan mita 100 daga tsakiya. Gwargwadon buɗewar turakun, gwargwadon zurfin da wutar ke shiga. A busasshen rairayi wuta ba ta kamawa, sai an zuba ruwan gishiri a gindin kowane turke. Ana kuma nisantar wayar lantarki, shingen waya da bututun ƙarfe da ke binne, domin suna ɓata karatun. Abin da ya kamata mai biyan kuɗi ya sani shi ne na'urar ba ta ganin ruwa. Sauƙi ko wuyar wucewar wuta take aunawa, kuma jiƙaƙƙiyar laka ta fi yashi mai ruwa saurin wuce da wuta. Wanda ya bi lamba mafi ƙanƙanta ido rufe, laka zai haƙa. Aƙalla wuri uku muke aunawa a gari ɗaya, mu jera su daga wanda ya fi zuwa wanda ya gaza, kuma sau da yawa wanda ya fi ba shi ne ƙofar gidan da aka so ba. A nan sai an yi haƙuri an yi bayani: "Ranka ya daɗe, a nan kuɗin zai tafi a banza, can gangaren ƙorama ne ƙasa ta yi kauri."

Haƙar dutse da guduma mai aiki da iska ake yi, kwamfaresa na hura ta. Duk sandar haƙa ɗaya, wato mita 3 a yawancin injuna, ana ɗiban abin da ya fito a jera shi a ƙasa tuli-tuli, daga ja zuwa ruwan ƙasa zuwa toka-toka. Idan ƙura ta daina tashi, ta koma dunƙule-dunƙule, an shiga danshi. Idan sanda ta zarce da sauri ko ta yi tsalle, tsaga ce, sai a rubuta zurfinta nan take. Yawancin burtsatsen yankin tsakanin mita 30 da 60 suke tsayawa. Idan an ci mita 15 a ɗanyen dutse, farar ƙura busasshiya na fita ba alamar tsaga, ci gaba ƙona man dizal ne kawai, gara a koma wuri na biyu.

Kazaure da kewayenta dutse ne su ma, amma wani iri. Tsaunukan dogaye ne a jere, dutsen kuma falle-falle yake ɓarewa, idan ya ruɓe laka yake komawa maimakon tsakuwa. Ruwan yakan yi ƙaranci ko da ruɓewar ta yi kauri. A can jijiyoyin farin dutsen ƙanƙara muke bi, domin su ne ke farfashewa su bar wa ruwa hanya.

Da aka bar duwatsu aka nufi Jahun, sai ƙasa ta fara hawa da sauka a hankali. Waɗannan su ne jigayin: tuddan rairayi dogaye da iska ta tara a wani zamanin fari mai tsawo, dubban shekaru da suka wuce, yanzu ciyawa da noma sun ɗaure su. A jere suke kwance daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, hanyar da iskar hunturu ke bi har gobe. Samansu jan rairayi ne, ƙasar gero, gyaɗa, riɗi da zoɓo. Tsakanin jigawa da jigawa akwai kwari mai ƙasa toka-toka inda tafkuna ke kwanciya da damina. Ƙarƙashin duka wannan kuwa ba dutse ba ne, shimfiɗu ne na yashi da laka, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda ruwa ya zubar a kwarin tafkin Cadi, kuma kaurinsu ƙaruwa yake yi idan ana yin arewa maso gabas. A nan samun ruwa ba caca ba ne kamar a dutse. Kusan ko'ina akwai shi, wahalar tana wajen zurfi da kuma gina rijiyar yadda ba za ta riƙa jan rairayi ba.

Amma kafin nan akwai wurin da ya fi ko'ina cin kuɗin mutane, wato inda ƙasar dutse ta haɗu da ta jigayi: sassan Kiyawa, Ringim, Garki da Ɓaɓura. A ido jigawa ce sosai, ba ko tsakuwa, amma rairayin mayafi ne kawai, dutse na kwance a ƙasa ba nisa. Sai a kawo injin haƙar laka, ya yi mita 20 cikin sauƙi, ya ci karo da dutse ya tsaya cak, alhali ruwan kirki yana cikin tsagar da ke ƙasa. A wannan ɗamarar ba ma tsallake awon lantarki ko da maƙwabcin gari ya samu ruwa a yashi, kuma injin da za a kira ya zama mai iya haƙa iri biyu.

A cikin jigayi sosai, gindin tudu muke zaɓa. Wanda ya haƙa a ƙoƙolon jigawa ya ƙara wa kansa tsawon tudun a banza, mita goma ko fiye, kuma kullum famfo zai riƙa biyan wannan bashin. Tsakiyar kwari ma ba ta yi ba, ruwan damina zai kewaye rijiyar. Sai kuma tazara daga masai da turken dabbobi: kada ta gaza mita 30, rijiyar kuma ta kasance ta sama da su.

Haƙar a nan da ruwan laka ake yi. Ana tona rami biyu kusa da injin, kowanne kamar mita ɗaya da rabi a faɗi, mita ɗaya a zurfi, da 'yar hanya tsakaninsu. A dama garin lakar haƙa na buhu a ciki, famfo ya tura ta cikin sanduna, ta fita ta bakin haƙori, ta dawo sama ɗauke da abin da aka yanka. A ramin farko yashi ke kwanciya, daga na biyu famfo ke sake ja. Lakar nan ita ke shafe bangon ramin ta hana shi rubzawa, don haka kaurinta shi ne rabin aikin. Idan ta yi ruwa-ruwa, rairayi zai zubo ya kama sanduna. Idan ta yi kauri da yawa, za ta toshe yashin da ake son ruwa ya fito daga ciki, a gama rijiya a ce ba ruwa alhali an liƙe shi ne da hannu. Kada kuma a fara haƙa sai tankar ruwa na tsaye, domin idan aka shiga yashi mai kaushi yakan shanye lakar farat ɗaya, ramin kuma ba ya jira a je ɗebo ruwa.

Samfurin kowace sanda sai an wanke shi a ɗan kwano an murza a tafin hannu. Mai kaushi da ke ƙara tsakanin yatsu shi ne gidan ruwa. Mai laushi kamar gari yana da ruwa amma zai bi famfo. A daidai mai kaushin ake saita bututu mai tsaga, ba a gindin rami don kawai nan ne ƙarshe ba, kuma wannan shi ne kuskuren da na fi gani a rijiyoyin da ake kiranmu gyara. Bututun roba mai inci 4 ko 5 muke sawa, tsagarsa rabin milimita zuwa milimita ɗaya gwargwadon yashin, da guntu marar tsaga na mita 2 ko 3 a can ƙasa mai murfi, inda ɗan rairayin da ya shigo zai taru. Sai tsakuwar kogi mai milimita 2 zuwa 4, tankaɗaɗɗiya, wankakkiya, a zuba ta a hankali ta gefen bututu ana bin ta da ruwa, har ta haura tsagar da 'yan mitoci. Idan aka juye ta buhu guda a lokaci ɗaya sai ta cushe a tsakiya ta bar ƙasa fayau. Burji da fasasshen dutsen gini ba sa yin wannan aikin: na farko narkewa yake yi, na biyu kaifinsa ke sa shi cushewa. Mita 5 na sama kuma siminti ake zubawa, don kada ƙazantar bakin rijiya ta bi jikin bututu ta sauka.

Daga nan sai wanki. Ana hura iska a ciki, a tsaya, a sake hurawa, sa'o'i da yawa, har ruwa ya fito garau. Gwajin mai sauƙi ne: a tari bokiti guda, a juya ruwan da hannu, a bar shi ya kwanta. Idan rairayin da ya taru a tsakiya ya wuce faɗin kwabo, wanki bai ƙare ba. Rairayi shi ke cinye robar famfon tuƙa-tuƙa, shi ke kashe famfon sola cikin 'yan watanni.

Ƙarfin rijiya da jarka mai lita 20 da agogo muke aunawa, bayan famfo ya yi aƙalla awa huɗu yana ja ba tsayawa. Jarka ta cika a minti ɗaya, lita 1,200 ke nan a awa, ya ishi tuƙa-tuƙa har da rara. Ta haura minti biyu, rijiyar ta gida ce, ba ta gari ba. A lokacin ana bin saukar ruwan da tef, idan an kashe famfo kuma a duba saurin dawowarsa. Rijiyar dutse da yawa sukan yi ƙarfi a rabin awar farko sannan su faɗi, shi ya sa ɗora musu tanki da sola ba tare da wannan gwajin ba ganganci ne. A wajen Gumel da Maigatari matsalar daban ce: ruwan akwai, amma fuskarsa takan yi mita 30 ko fiye, tuƙa-tuƙa na yau da kullum kuwa iyakarsa mita 45 zuwa 50, kuma tun kafin nan ya yi wa yara da mata nauyi.

Fadama ita ce ta ƙarshe a zagayen. Kogin Haɗeja haɗuwar kogin Kano da na Calawa ne. Muddin yana kan dutse ƙoramu ke ƙara masa ruwa, amma da ya wuce Wudil ya hau shimfiɗar Cadi sai ya koma mai bayarwa: yana tafe yana tsiyaya cikin yashi, yana rarrabuwa tsakanin jigayi. Reshen Kafin Hausa ya ɓalle ta kudu, bayan garin Haɗeja kuma ya kasu zuwa tsohon kogin, da Burum Gana, da Marma mai tafiya tafkin Nguru. A nan dausayin Baturiya yake, inda tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ke sauka da hunturu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, halin kogin ya canja: ambaliyar shekara da ke cika ruwan ƙasa ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana har da rani, abin da ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyi. Wani wurin ruwa ya daina zuwa, wani wurin ya ƙi tafiya. Don haka labarin zurfin da aka ji shekara ashirin baya ba abin dogaro ba ne a fadama, sai an sake aunawa.

Ƙaramar rijiyar ban-ruwa ta fadama ba ta buƙatar babban inji. Injin ban-ruwa mai inci 2 ko 3, tiyo, bututun ƙarfe, da ruwan da za a tura, ko daga kogi ko daga ramin da aka cika. Mutum biyu ko uku su riƙe bututun a tsaye, ruwa na fita ta bakinsa da ƙarfi yana wanke yashi, suna ɗagawa suna saki, yana nutsewa. Kafin a fara an riga an shirya bututun roba, an tsattsaga mita 2 ko 3 na ƙasansa da zarto, an toshe gindin. Da an kai yashi mai kaushi, yawanci tsakanin mita 6 da 12, sai a zura shi nan da nan ruwa na gudana, domin da an kashe inji ramin ke rufewa. A wuri mai kyau kafin azahar an gama. Abu biyu ke hana ta. Na farko dabaro, baƙar lakar nan mai tsagewa da rani: idan ta yi kauri ruwa ba ya huda ta, sai an fara fasa ta da ƙarfen murɗawa. Na biyu, injin da ke sama ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce kamar mita 7. Idan ruwa ya sauka a watan Afrilu inji ya fara shan iska, ba rijiyar ce ta mutu ba. Rami ake tonawa mita ɗaya ko biyu a sauke injin a ciki. A kuma bar tazara tsakanin rijiyoyi, domin biyu da ke manne da juna ruwa ɗaya suke rabawa.

Wannan ruwan na shinkafa, alkama da albasa ne, ban yarda a mayar da shi na sha ba. Yana kusa da sama, taki da maganin feshi na isa gare shi, wani wurin kuma zartsi ne, ana ma ganin farin gishiri a kan kunya. Rijiyar sha a garuruwan fadama sai ta huda laka ta shiga yashi na biyu, a toshe na saman da siminti. Dakalinta kuma a ɗaga shi sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna a Ringim, Miga, Auyo da Kafin Hausa, alamar ruwan ta daɗe a jikin bangaye da itatuwa, da ita muke auna tsawon dakali, mu ƙara rabin mita. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa sai an zuƙe ta an sa mata sinadarin kilorin kafin a koma sha.

Kowace rijiya muka gama, takarda ɗaya muke bari a hannun mai gari ko kwamitin ruwa, kwafi kuma a wurinmu: zurfin rami, daga mita nawa zuwa nawa bututu mai tsaga yake, fuskar ruwa ranar da aka auna, sakan nawa jarka ta cika, da zurfin da aka rataye famfo. Famfon ana rataye shi ne ƙasa da inda ruwa ya tsaya lokacin gwaji da mita 3 zuwa 5, amma sama da tsagar bututu, kuma duk watan Mayu a sake zura tef a rubuta sabuwar lamba a ƙasan ta bara.